Daga Wimbledon Zuwa Bisley: Tarihin Dokokin Tsaro da Zumunci a Ƙungiyoyin Harbi na Birtaniya

Gabatarwa

Bindiga makami ce da aka ƙera domin kisa, amma a Birtaniya an shafe fiye da shekara 160 ana taruwa da ita domin gasa da nishaɗi. Wannan maƙala ta bibiyi yadda ƙungiyoyin harbi na ƙasar suka samo asali, da yadda dokokin kiyaye rayuka suka riƙa sauyawa tare da yanayin cuɗanyar mambobinsu.

Asalin Ƙungiyoyin

A shekarar 1859 fargabar mamaya daga Faransa, ƙarƙashin Napoleon na Uku, ta sa gwamnatin Birtaniya ta amince a kafa rundunonin sa-kai. Lauyoyi da ƴan kasuwa da akawu da masu sana'ar hannu suka yi ta shiga, galibinsu ba su taɓa riƙe bindiga ba. A ƙarshen wannan shekara aka kafa Ƙungiyar Harbi ta Ƙasa domin horar da su ta hanyar gasa. An buɗe taronta na farko a filin Wimbledon, kudu maso yammacin Landan, ranar 2 ga Yuli 1860. Sarauniya Biktoriya ce ta yi harbin farko daga nisan yadi 400: an kafe bindigar a kan mazauni an saita ta, ita kuwa ta ja igiyar da aka ɗaura wa kunamar. Ta kuma sanya kyautar fam 250, wadda wani matashi mai suna Edward Ross ya fara lashewa.

Taron ya zama bikin shekara. Mahalarta sukan kafa tantuna su kwana a filin, a ci a sha, a yi kiɗa da dare, ƴan kallo kuma su yi tururuwa daga birni. A fagen harbi, gwaninta ce ke ɗaga mutum, domin allon hari bai san ɗan sarauta ko ɗan talaka ba.

Matsalar Inda Harsashi Ke Faɗawa

Damuwar farko ta tsaro ta shafi wuri ne. Landan na faɗaɗa, gidaje suna matsowa kusa da filin, bindigogi kuma suna ƙara cin dogon zango. Harsashin da ya tsallake tudun ƙasar da ke bayan allunan zai iya faɗawa gonar wani. Cikin masu ƙorafi har da Yariman Cambridge, babban kwamandan sojojin ƙasar, wanda ke da fili a bayan wurin. An yi taron ƙarshe a Wimbledon a 1889, sannan ƙungiyar ta koma Bisley da ke gundumar Surrey a 1890, inda akwai makeken daji da ba kowa a bayan allunan. A can aka gudanar da galibin gasannin harbin bindiga na wasannin Olamfik na 1908.

Dokokin Fili

Ƙa'idojin da suka kafu a irin waɗannan filaye kaɗan ne, amma ba a sassauta su. Ana ɗaukar kowace bindiga tamkar da harsashi a cikinta. Bakinta ba ya fuskantar ko'ina sai wajen allo. Ba a ɗura harsashi sai mutum ya kwanta a mazaunin harbi kuma jami'in fili ya ba da izini. Kafin a bar wurin, sai wani ya duba ya tabbatar bindigar wayam take. Jajayen tutoci suna gargaɗin masu wucewa, masu duba allo kuwa suna fakewa a bayan ganuwa. Idan aka ba da umarnin tsayawa, kowa zai janye yatsa daga kunama nan take, ko da janar ne.

Zumunci a Matsayin Garkuwa

Abin lura shi ne cewa zumunci ne ya ba dokokin ƙarfi. A Bisley ƙungiyoyi sun gina ɗakunan taro inda ake cin abinci da hira bayan gasa. Tsofaffi suna koyar da sababbi, kowa yana sa ido a kan ɗan'uwansa, wanda ya yi sakaci kuma kunya ce ke fara hukunta shi kafin kwamiti. Wanda ya ci babbar kyauta akan ɗora shi a kujera a zagaya da shi ɗakunan nan. A 1930 Marjorie Foster ta zama mace ta farko da ta hau wannan kujera.

Dunblane da Tambayar Amana

Ranar 13 ga Maris 1996 wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a Sikotland. Bindigogin da ya yi amfani da su yana da lasisinsu, ya kuma saba zuwa ƙungiyoyin harbi. Wannan ya nuna cewa mutum zai iya kiyaye kowace doka a fili alhali zuciyarsa na ɗauke da mugun nufi. Dokokin 1997 suka haramta mallakar kusan duk ƙananan bindigogin hannu. A yau ƙungiyar da gwamnati ta amince da ita dole ta sanar da ƴan sanda game da mai neman shiga, sabon mamba kuma ya yi aƙalla wata uku yana harbi ƙarƙashin kulawa kafin a karɓe shi sosai.

Kammalawa

Tarihin ya nuna matakai uku: an fara da tambayar inda harsashi zai faɗa, aka koma kan yadda ake riƙe bindiga, daga baya aka kai ga halin mai riƙe ta. Matakin ƙarshe shi ne mafi wuya, domin tudun ƙasa da jar tuta ba sa auna hali. Saboda haka nauyin ya rataya a wuyan ƴan sanda masu ba da lasisi da kuma mambobin da ke zama da mutum mako bayan mako, waɗanda ake sa ran su yi magana idan sun ga abin da bai kwanta musu ba.