Daga Kaburbura Biyu Zuwa ECWA: Waiwaye Kan Kiran Bingham

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu. Guzurinsu kawai shi ne tabbacin cewa Allah ne ya kira su su kai bishara yankin da Turawa ke kira Sudan a lokacin, har da ƙasar Hausa.

Cikin kimanin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya tsare a Legas, ya koma gida shi kaɗai, ba ko mutum ɗaya da ya karɓi saƙonsu. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ya taho ne da koyarwar cewa mai bi na gaskiya addu'a ta ishe shi waraka, ga shi kuwa abokansa biyu suna cikin ƙasa. To, kiran ne ba gaskiya ba, ko kuwa shi ne bai fahimci alkawarin Allah daidai ba?

Wannan tambaya ta mai da shi ga Littafi Mai Tsarki da neman ilimin magani. A 1900 ya sake dawowa, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mai da shi gida. Sai a karo na uku, a 1902, aka kafa tashar farko a Pategi, bakin Kwara. Darasin ya zauna: 'yan mishan suka riƙa shan kwinin ba tare da ganin sun raina ikon Allah ba. Ɗaya daga cikinsu, Dakta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa "Bature Mai Magani", ya shafe shekaru sama da 40 yana wa'azi da Hausa.

Bingham ya rasu a 1942. A 1954 ikkilisiyoyin da SIM, ƙungiyar mishan ta Bingham, ta dasa suka zama ECWA, kuma yau akwai jami'a mai sunansa a Karu.

Saboda haka, mai bishara da shakka ta kama kada ya ɗauka kiransa ya ƙare. Ya binciki abin da ya gaskata, ya gyara inda ya kuskure, ya koma bakin aiki. Haka Bingham ya yi.