Tafkin Chadi: Tsakanin Janyewar Ruwa da Janyewar Hukuma

A kusan duk taron da ake yi kan Tafkin Chadi, da alƙaluma biyu ake buɗe baki: a shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sannan farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 na wannan faɗi. Daga nan sai a ɗora talauci da ƙaura, har da Boko Haram, a wuyan ƙafewar ruwa. Alƙaluman gaskiya ne, amma hukuncin da ake yankewa da su yana da rauni, kuma shi ya kai shugabannin yankin, a taron Abuja na Fabrairun 2018, ga rungumar shirin Transaqua, wato haƙa magudanar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga yankin Kogin Kwango zuwa Kogin Shari. Ra'ayina shi ne, abin da ya karya mutanen tafkin ya fi alaƙa da yadda ake mulkinsu fiye da yawan ruwan da ke gabansu.

Tafkin ba shi da zurfi, kuma kusan duk ruwansa daga Shari da Logon yake zuwa, saboda haka tun fil azal gaɓarsa matsawa take yi. Buduma da Barebari da Larabawan Shuwa da Kotoko da Fulani da Hausawa sun gina rayuwarsu a kan wannan matsawar. Mutum ɗaya kan yi su idan ruwa ya cika, ya shuka masara da wake a danshin da ruwa ya bari, makiyayi kuma ya biyo baya da shanunsa. Bayan babban fari ma, ƙasar da ta bayyana ta jawo baƙi ne, ba ta kore su ba. Garin Darak shaida ne: 'yan Najeriya suka bi ruwa har suka zauna a ƙasar da Kotun Duniya ta tabbatar wa Kamaru a 2002. Kasuwar Baga kuwa ta ci gaba da loda banda zuwa kudancin Najeriya shekaru da yawa bayan an ce tafkin ya mutu.

Ayyukan gwamnati ne suka kasa bin ruwa. Babban shirin noman rani na kudancin tafkin, wanda aka kafa a yankin Marte cikin shekarun 1970, an tsara shi ne kamar gaɓa ba za ta motsa ba, sai ruwa ya ja baya ya bar magudanansa a bushe. A can sama, a kan kogunan da ke gangarowa zuwa tafkin, madatsun Tiga da Challawa a Kano sun rage abin da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru, ba tare da an zauna da na ƙasa ba. Da rikici ya tsananta a 2015, aka kwashe mutane daga tsibirai, aka rufe kasuwanni da hanyoyin ruwa, Nijar ta hana cinikin kifi da tattasai a Diffa. Wannan ne ya fi komai zafi, domin an raba talaka da dabararsa guda ta tsira, wato motsi. Giɓin da aka bari kuwa ISWAP, wani tsagi na Boko Haram, ta shiga: tana karɓar haraji daga masunta da makiyaya, tana raba gardama, tana barin su su yi sana'a. Abin takaici ne a ce masunci ya san abin da zai biya ɗan bindiga, amma bai san shinge nawa zai tarar a hanyar Maiduguri ba.

Za a ce sauyin yanayi gaskiya ne, jama'a kuma sun ninka. Haka ne. Sai dai hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna tafkin ya daina raguwa tun shekarun 1990, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna cewa rashin tabbas ne matsalar yanzu, yau fari gobe ambaliya. Magudanar da za ta ci biliyoyin daloli, wadda 'yan siyasar Kwango ma suka fito suka ƙi, ba ta maganin wannan, kuma idan ruwa ya dawo yadda yake a 1963, gonakin dubban iyalai zai haɗiye. Za a kuma ce rufe kasuwanni dole ne don toshe wa mahara kuɗi. Hujjar tana da ƙarfi a watannin farko, amma haramcin da ya ɗauki shekaru ya mayar da halastaccen ciniki fasa-ƙwauri, wanda kuma ya riƙe daji shi ke cin ribarsa.

Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, tana da Yarjejeniyar Ruwa tun 2012. Aikin da ya fi dacewa da ita mai araha ne: takardar izini ɗaya da masunci ko makiyayi zai ƙetare iyakokin ƙasashen huɗu da ita, haraji sananne mai rasit, da dokar rabon ƙasar da ruwa ya bari wadda sarakunan gargajiya da ƙananan hukumomi suka amince da ita. Ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta yaƙi da Boko Haram a Maris ɗin 2025 ta ƙara wahalar wannan, shi ya sa ya kamata gwamnonin Borno da Diffa da takwarorinsu na Chadi da Kamaru su fara shi a tsakaninsu, kafin manyan biranen su daidaita.