Kano ta Gabas: Kujerar Malam Aminu da Mamuda Wapa

Jama'a masu saurare, duk wanda ya taɓa kai sefa canji a Wapa cikin Fagge, ya taka wani yanki na tarihin da za mu ɗauko yau: mazaɓar Kano ta Gabas, ta Majalisar Wakilan Tarayyar Najeriya, zamanin da majalisar ke zama a Ikko.

A zaɓen Disamba 1959 kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 na Arewa. NPC mai alamar fartanya ta kwashe mafi yawansu, amma Kano ta Gabas ta kuɓuce mata. Malam Aminu Kano na NEPU, wato Jam'iyyar Neman Sawaba, shi ya ci. Mutanenmu na Maraɗi da Damagaram ba baƙin wannan kalma ba ne, don a shekarar ce aka haramta Sawabar Djibo Bakary a Nijar. Kuma ku lura, maza zalla suka kaɗa ƙuri'a. Matan Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu wannan dama, abin da Malam ya daɗe yana faɗa a kai.

To, ga inda siyasa ta yi halinta. NCNC, abokiyar ƙawancen NEPU, ta kafa gwamnati da NPC. Sai ga Malam zaune a ɓangaren gwamnati, har da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa, alhali a gida 'yan doka na kama magoya bayansa.

A zaɓen 1964 Alhaji Mamuda Ɗantata, ɗan Alhassan Ɗantata, ya kayar da shi a tutar NPC. Mamuda fa tsohon mai ra'ayin NEPU ne. Shi ne mai kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda unguwar 'yan canji ta gaji sunansa. Bai ɗumama kujerar ba: ranar 15 ga Janairu 1966 soja suka yi juyin mulki, majalisa ta watse. Da farar hula suka dawo a 1979, an riga an yanka jihohi, an sake shata mazaɓu.

A ganina makiyaya sun fi kowa cin moriyar gwagwarmayar Malam, ko da yake ta makara. Haraji da jangali da NEPU ta yi ta kuka a kansu, sai a 1979 gwamnonin PRP, jam'iyyarsa ta biyu, suka soke su: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna.