Haikalin Kalaudiyus da Tawayen Birtaniya

Rumawa ba su raba bauta da sarauta ba. Bayan kisan Yuliyus Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, majalisar dattawan Rum ta shigar da shi jerin alloli, aka gina masa haikali a dandalin birni. Magajinsa Agustus, mutum mai dabara, bai yarda a bauta masa a cikin Rum yana da rai ba, amma a larduna ya ƙyale. A Liyon, ta ƙasar Faransa ta yau, aka kafa wurin hadaya da sunansa da na Roma, allahiyar birnin, inda wakilan ƙabilu 60 ke taruwa kowace shekara. Manyan ƙasar kuwa suka riƙa gasar shugabancin hidimar, domin hanya ce ta samun girma wurin masu mulki.

Wannan dabara ba ko'ina ta ci ba. Sarki Kalaudiyus ya kai yaƙi Birtaniya a shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa. Shekara shida bayan haka aka zaunar da tsofaffin sojoji a Kamulodunum, wato Kolcesta ta yanzu, suka ƙwace gidaje da gonakin 'yan ƙasa. A garin nan aka tayar da wani ƙasaitaccen haikali da sunan Kalaudiyus. Masanin tarihi Tasitus, shi kansa Barume, ya nuna cewa mutanen wurin sun ɗauki ginin a matsayin alamar mulkin da ba ranar ƙarewa, kuma waɗanda aka naɗa su yi masa hidima dukiyarsu ta tsiyace. Wato mutum a ƙwace masa gona, sa'an nan a ce ya biya kuɗin bautar wanda ya ci ƙasarsa!

A shekara ta 60 ko 61 Sarauniya Budika ta ƙabilar Isini ta ɗaura yaƙi, Kamulodunum ce ta fara faɗa wa. Garin ba shi da ganuwa, gwamna da rundunarsa suna can yamma, gudummawar da aka aiko kuwa ba ta wuce mutum 200 ba. Sojoji suka fake cikin haikalin, suka yi kwana biyu kafin a murƙushe su, aka ƙone garin ƙurmus.

Harsashin ginin dai bai gushe ba. Bayan shekara dubu Normawa suka ɗora ganuwar fadarsu a kansa, kuma har yau tana tsaye a Kolcesta.