Ƙofar Bishop da Ƙofar Sarkin Mai Wurno

A ƙasar Hausa ba a shiga wurin babban mutum sai da iso. Baƙo kan tsaya a zaure, ya cire takalmi, ya faɗa wa bafade abin da ke tafe da shi, sa'annan ya jira a dawo masa da amsa. Cocin Angilika ma tana da irin wannan tsari: Fadar Lambeth da ke bakin kogin Thames a Landan ta kai shekara ɗari takwas tana masaukin Akbishop na Kantabari, kuma mai son ganinsa sai ya bi ta wasiƙa da sakatarori. Ke nan duka ɓangarorin biyu sun san darajar ƙofa. Abin tambaya shi ne me ya sa Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu suka yi zamani guda da bishop-bishop na Angilika a Sudan amma hanya ba ta taɓa ɓullewa sosai tsakaninsu ba. A ganina, bambancin addini kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba. Abin da ya fi nauyi shi ne wanda ke riƙe da ƙofa, da kuma wanda aka yarda ya yi wa mutane iso.

Tushen zancen yana Kano ne. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na CMS, ƙungiyar mishan ta Cocin Angilika, ya jagoranci wata ƙaramar tawaga, cikinta har da Likita Walter Miller, suka isa birnin suna neman a bar su su zauna. Babu wanda ya gayyace su, babu wasiƙar Sarkin Musulmi a hannunsu, kuma a watan Janairun shekarar ne Lugard ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin Ingila. Sarkin Kano Alu ya ba su kwana uku su tattara nasu ya nasu. Bayan shekara uku Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda wajen 1906 aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Mutanen da suka kafa Mai Wurno sun baro gida ne don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, sai ga shi sun tarar da tutar Ingila a gabansu.

A Hartum kuwa, Llewellyn Gwynne na CMS ya sauka tun 1899, aka naɗa shi bishop a 1908, aka buɗe majami'ar All Saints a 1912 dab da fadar Gwamna Janar. Sai dai hukumar Turawa ta Kitchener da Wingate, da ba ta daɗe da gama yaƙi da Mahadiyya ba, ta hana 'yan mishan wa'azi ga Musulmin arewacin Sudan. Aka bar musu makarantu da asibiti da hidimar ma'aikatan Turawa, aka nuna musu kudu. Hukumar nan ita ce kuma ta amince da sarautar Mai Wurno, domin tana bukatar hannayen aiki, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, lokacin da gonakin audugar Jazira suka buɗe. Bahaushen da ke tsinkar auduga yana tara guzurin Makka, in yana da kuka a kan gona ko haraji, wurin mai unguwa zai kai, daga nan zuwa zauren Sarki, Sarki ya kai wa jami'in gunduma. Gidan bishop ba ya kan wannan hanya ko kaɗan.

Wani zai ce wannan duk kewaye-kewaye ne, Musulmi ne suka ƙi Kirista, magana ta ƙare. Ba a musun cewa addini na ciki, musamman ga muhajiran Burmi. Amma tawagar da aka kora daga Kano ita ce Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓa da mutunci a 1900 ɗin, alhali shi ma Musulmi ne mai biyayya ga Sakkwato. Bambancin shi ne Kwasau na fama da hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, yana ganin amfanin hulɗa da Turawa. Daga baya Miller ya zauna cikin birnin Zariya kafin mishan ɗin ta koma Wusasa. Inda mai ƙofa ya ga dalilin buɗewa an buɗe, inda bai gani ba an rufe, addinin kuwa ɗaya ne.

Wani kuma zai ce tsohon zance ne. To, ƙofar bishop kanta ba ta tsira daga hannun masu mulki ba: gwamnatin Numairi ta ƙwace tsohuwar majami'ar All Saints a 1971, daga baya ta zama gidan tarihi na fadar shugaban ƙasa. A watan Yulin 2017 Akbishop na Kantabari Justin Welby ya zo Hartum ya ƙaddamar da Sudan a matsayin lardi mai zaman kansa na cocin, ƙarƙashin Akbishop Ezekiel Kondo, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tilasta wa Kondo barin birnin. Su kuma Hausawan Shuɗin Nilu, rikicin da ya ci rayuka da yawa a 2022 ya taso ne a kan neman a amince musu da sarautar gargajiya, wato wanda zai yi magana da yawunsu a gaban hukuma. Shugabannin coci da na masallaci da ke kiran zaman lafiya a Sudan yau za su fi cin nasara in suka fara da wannan tambayar: wane ne jama'ar ƙauye suka yarda ya wakilce su, kuma hukuma za ta saurare shi?