Uban Gida da Yaronsa: Tarihin Horon Ɗan Kasuwa a Ƙasar Maradi

Kasuwanci a ƙasar Maradi, daga Gidan Rumji da Tsibiri a yamma har Agiye da Gazawa a gabas, sana'a ce da aka daɗe ana koyonta a hannun mutum. Yaro yakan shiga gidan wani babban ɗan kasuwa, ya ɗauke shi uban gida, ya yi masa hidima shekara da shekaru kafin a sallame shi da jari. Sanin farashi da ƙidayar kuɗi kaɗan ne daga abin da ake koya a wannan dogon zama. Babban aikin shi ne gyaran hali: riƙon amana, danne zuciya, kame baki, da jure asara ba tare da an karaya ba.

Tushen al'adar yana cikin fataucin da. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, yara na kora jakuna, suna ɗora kaya da sauke shi a kowane zango. A irin wannan tafiya ake gane wanda zai iya ajiye dukiyar wani, domin babu inda hali zai ɓuya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara da wannan fatauci, kuma daga cikin Agalawa ne Alhasan Ɗantata na Kano ya fito, wanda ya rasu a 1955. Ita kuwa ƙasar Maradi a ƙarni na 19 yaƙi ya fi yi mata yawa. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsinawa a Maradi wajen 1819, sannan bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka zauna a Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Hare-hare tsakaninsu da daular Sakkwato sun sa hanyoyi ba su da tabbas, mai doki da mashi ya fi mai kaya daraja. Amma ko a fada akwai alaƙar uban gida da baransa: bara ya ba da biyayya, uban gida ya ba shi riga da abinci da kariya. Wannan alaƙa ce kasuwa ta gada da aka ajiye makamai.

Gyaɗa ce ta buɗe ƙofar. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila sun raba Maradi da Katsina da iyaka, amma jirgin ƙasa da ya iso Kano wajen 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929, ya sa fitar da gyaɗar kudancin Nijar ya zama abin riba. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maradi. Ba su san ƙauyuka ba, ba su san manoma ba, don haka dole suka nemi ƴan ƙasa su ba su kuɗi tun kafin kaka, su kuma su shiga kasuwannin karkara su sayo. Wanda ya karɓi kuɗin kamfani ba zai iya zama a kasuwa goma rana ɗaya ba, sai ya rarraba wa yaransa, kowa da buhunansa da ma'auninsa. Ta haka kuɗi mai yawa ya riƙa sauka daga hannu zuwa hannu ba rasit ba shaida, sai magana. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maradi na bakin gulbi, aka koma kan tudu aka yi sabuwar kasuwa, kuma a shekarun da suka biyo baya ne aka fara jin sunayen manyan masu sayen gyaɗa waɗanda daga baya aka riƙa kira Alhazan Maradi. Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986.

Horon yana tafiya ne daki-daki. Da farko yaro ɗan aike ne kawai: ya share ƙofar kanti, ya ɗauko kaya, ya kai abinci, ya zauna gefe yana sauraron yadda ake taya kaya da yadda ake cewa albarka. Ba a yi masa bayani sosai. Ana so ya koya da ido da kunne. Sai wata rana a ba shi ƴan kuɗi ya kai wa wani, ko a bar shi shi kaɗai a kanti da aljihun tebur a buɗe. Uban gida ya san adadin abin da ya bari. Idan aka gwada shi sau da yawa ba a ga gibi ba, sai a fara tura shi kasuwar ƙauye da tiya da buhu ya yi awo. A nan ne gwajin ya fi tsanani, domin zai yini cikin rana da kuɗin da ba nasa ba, ga mai tsire, ga ƴan mata masu talla, ga abokai masu zuga. Wanda ya dawo da lissafi cikakke shekara bayan shekara, shi ake ba kaya bashi ya sayar a raba riba. Daga ƙarshe uban gida ya yi masa aure, wani lokaci ma da ƴarsa, ya ba shi jari, ya gabatar da shi ga waɗanda za su ba shi kaya a kan sunansa. Ko bayan ya tsaya da ƙafarsa ba ya daina zuwa gaisuwa, kuma ba ya ƙetare maganar wanda ya raine shi.

Akwai darasin da ba a koya sai lokacin faɗuwa. Farashi yakan karye, mota takan kife da kaya, ƴan duwan sukan kama. Uban gida mai hankali yana lura da yadda yaronsa ya karɓi asara fiye da yadda ya karɓi riba. Wanda ya zo da kansa ya faɗi gaskiyar abin da ya faru ana iya sake ɗora shi. Wanda ya ɓuya ko ya ƙirƙiro labari ya rufe wa kansa ƙofa, kuma ba ta gida ɗaya ba, domin labari yana riga mutum isa kasuwa.

Rabin horon kuma a gaban malam ake yin sa. Yawancin waɗannan yara sun yi karatun allo, wasu sun yi almajirci a Katsina ko Kano ko Zariya, inda suka saba da yunwa da baƙunta tun suna ƙanana. Ahalari, wanda ake farawa da shi a karatun littattafai, yana buɗewa ne da zancen tuba da tsare harshe da tsarkake zuciya daga hassada da girman kai, Risala kuma tana da babi a kan saye da sayarwa. Ɗan kasuwa mai ɗarika yana da wuridinsa na safe da yamma, lokacin da yake zama shi kaɗai ya natsu. Fitar da zakka tana tilasta masa ya zauna sau ɗaya a shekara ya ƙidaya abin da ya mallaka da abin da ake bin sa. Imani da cewa arziki na Allah ne ya hana da yawa zaucewa lokacin samu, ya kuma hana su yanke ƙauna lokacin rashi. Da jirgin sama ya sauƙaƙa zuwa Makka, aikin hajji ya zama alamar cewa mutum ya kammala, har sunan Alhaji ya kusa zama ɗaya da babban ɗan kasuwa a bakin mutanen yankin.

Ma'aunin girma a wannan tsari shi ne arzikin mutane, wato yawan waɗanda ke ci a ƙarƙashin mutum da waɗanda ya ɗaga suka zama wani abu. Shi ya sa kyauta ta zama wajibi: ga malamai, ga maroƙa, ga dangi a biki da suna. Guy Nicolas, wanda ya yi dogon nazari a ƙasar Maradi, ya nuna yadda kyauta da ciniki suke tafiya tare a rayuwar mutanen nan. Sai dai tsarin yana da nasa aibi, kuma bai kamata a rufe shi ba. Babu albashi, babu wa'adi. Wani yaron ya tsufa yana jiran sallamar da ba ta zo ba, don uban gidansa ya ga amfaninsa ya ƙi sakinsa. Ilmin duka yana kan mutum ɗaya, ba a rubuce ba, ga dukiyar kasuwa a cakuɗe da ta gida. Gidajen kasuwanci da dama sun watse da rasuwar mai su, bayan an raba gado kowa ya kama gabansa.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnati ta shigo cikin harkar. A 1962 aka kafa SONARA don fitar da gyaɗa, da Copro-Niger don kayan masarufi, da UNCC don ƙungiyoyin manoma. Fari na 1968 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kashe wannan ciniki kusan baki ɗaya. Alhazai suka juya ga hatsi, da dabbobi, da sufuri, da kai atamfa da taba Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A wannan ciniki na ƙetare iyaka amana ta ƙara tsada, tunda yawancin abin da ake ƙullawa ba a iya kai shi gaban alƙali. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986, da rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sun kayar da wasu, sun ɗaga waɗanda suka iya sauya hanya da wuri.

A daidai wannan lokaci ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu karɓuwa a wurin matasan ƴan kasuwar Maradi. Wa'azinta na rage ɓarnar kuɗi a bukukuwa da daina durƙusa wa manya ya yi daidai da bukatar saurayin da ke son tara jari ya tsaya da kansa. Dattawa sun ga rashin ladabi a ciki, matasa sun ga sauƙi. Makarantun Islamiyya da suka yaɗu daga nan sun sa karatu da rubutu sun shiga kantuna da yawa.

Mata ba su cika shiga tsarin uban gida ba, nasu horon a cikin gida yake. Uwa ke koya wa ɗiyarta soya ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa da dama fura, ta ɗora mata talla, ta karɓi lissafi da yamma, adashi kuma ya koya wa mace zubi a kan lokaci. A kan wannan tushe ne ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991. Mata kamar ashirin da biyar zuwa talatin sukan haɗu kowane mako, su zuba kuɗi a akwati, su ba junansu rance, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Ba a kawo musu jari daga waje. Horo kawai ake ba su na ƴan watanni. Matan da a da ba sa buɗe baki a taro sun koyi shugabanci da riƙon baitulmali da tsayawa a kan doka, kuma daga ƙauyukan Maradi wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya.

Yau saurayin Gidan Rumji ko Cadawa yana iya fara sayar da aya ko riɗi ko wake da waya a hannunsa, ya ji farashin kasuwar Dawanau ta Kano kafin ya ɗaure buhu, ya aika kuɗi ba tare da ya hau mota ba. Ƙungiyoyin raya ƙasa suna shirya tarukan koyar da lissafin jari da riba na kwana uku ko mako guda, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi kuma tana yaye matasan da yawancinsu ba za su samu aikin gwamnati ba. Waɗannan taruka sun kawo abin da tsohon tsari ya rasa, wato rubuta shige da fice da raba kuɗin sana'a da na cefane. Abin da ba su iya bayarwa a mako guda shi ne mutumin da zai sa ido a kan halin saurayi shekara biyar, ya kuma tsaya masa ranar da ya faɗi. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun sake nuna haka, domin mai wanda zai jingina da shi ya fi saurin farfaɗowa. Har yanzu a babbar kasuwar Maradi, kafin a ba baƙon saurayi kaya bashi, tambayar farko ita ce yaron wane ne.