Shafe

shafe (suna, namiji, daga fi'ilin shafa). Bin bangon ɗaki da farar ƙasa, jar ƙasa ko fenti bayan yaɓe ya bushe. A Bena, cikin Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, kamar sauran garuruwan Arewa, sai an yi wa ɗakin amarya shafe kafin jere. Mata kan dama farar ƙasa a tsohuwar ƙwarya, su riƙa tsoma tsumma suna bin bango, sannan a zagaye gindinsa da shuɗi ko ja don ɓoye dauɗa. Fentin gwangwani ya fi sheƙi, amma a bangon laka ɓamɓarewa yake yi. Misali: "Yaya, bari shafen ya sha iska kafin a shigo da gado." Duba kuma: yaɓe, makuba, daɓe.